Me ya sa Japanawa suka fi rungumar Dostoevsky da Tolstoy a kan su Balzac da Flaubert?

DanFagge_77:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'abota karatu. Akwai abin da nake so mu tattauna. Duk marubucin Japan da na bi tarihinsa sai na tarar da Dostoevsky a gindinsa. Haruki Murakami da bakinsa ya sa The Brothers Karamazov cikin littattafai uku da suka fi tasiri a rayuwarsa, Kurosawa ya mayar da The Idiot fim a 1951, Osamu Tezuka ya zana Crime and Punishment a manga, wato labarin zane na Japan, a 1953, sannan sabuwar fassarar Karamazov da Ikuo Kameyama ya fitar a 2006 zuwa 2007 ta haura kwafi miliyan ɗaya, littafin da aka rubuta tun 1880 fa. Ni a ganina marubutan Rasha sun kada na Faransa a Japan, kayen da babu gardama. Abin da ya ɗaure min kai shi ne Rasha ce abokiyar gabarsu, sun gwabza yaƙi a 1904 zuwa 1905, aka sake a 1945, har yau rigimar tsibiran Kuril ba ta mutu ba. To me ya ja su?

Hajiya_Littafi:
Wa alaikumus salam. Ɗana ai gabar ce ma ta buɗe ƙofar. Futabatei Shimei ya shiga koyon Rashanci ne saboda yana ganin Rasha barazana ce ga ƙasarsa, yana so ya san harshen abokin gaba, sai adabinsu ya kama shi. A 1888 ya fassara wani gajeren labari na Turgenev, ya yi shi da harshen da mutane ke magana da shi a lokacin da ake rubutu da tsohon salo mai nauyi wanda ba kowa ke ganewa ba. Matasan marubuta suka ɗauki fassarar nan kamar allon karatu, Kunikida Doppo har sai da ya kawo wani yanki nata cikin rubutunsa a kan dajin Musashino. Kuma shi dai Futabatei shi ya rubuta Ukigumo wanda ake kira ƙagaggen labarin zamani na farko a Japan. Ka ga tun daga tushe akwai hannun Rashawa a ciki.

Damagaram_Lycee:
Ku yi haƙuri ban yarda da wannan kayen ba sam. Mu nan Nijar su Hugo da Balzac da Zola muka taso da su a makaranta shi ya sa na bi maganar da kyau. Shekara goma kafin fassarar Turgenev ɗin da Hajiya ta faɗa, a 1878, an riga an fassara littafin Jules Verne na zagaya duniya cikin kwana 80 kai tsaye daga Faransanci. Nakae Chomin ya fassara Rousseau a 1882 har ake ce masa Rousseau na Gabas. 'Yan gwagwarmayar neman majalisa da 'yancin jama'a Hugo ne gwaninsu, jagoransu Itagaki Taisuke sai da ya je Faris ya gana da shi a 1883. Sannan ga babbar magana, Kuroiwa Ruiko ya ɗauki Monte-Cristo na Dumas ya riƙa bugawa kullum a jaridarsa daga 1901 da sunan Gankutsuo, ya bi shi da Les Misérables na Hugo da sunan Aa Mujo. Talaka mai sayen jarida su yake karantawa, ba Dostoevsky ba.

DanFagge_77:
Malam na Damagaram, Verne da Dumas ai labaran nishaɗi ne. Ni ina maganar waɗanda suka canza tunanin mutum.

Damagaram_Lycee:
Les Misérables ne nishaɗi? Mutumin da ya yi shekara 19 a kurkuku asalinta saboda burodi? Dostoevsky kansa yana girmama littafin nan ƙwarai.

Injiniya_Sendai:
Bari in sa baki tunda ina zaune a ƙasar, karatu ya kawo ni. Abin da na gani da idona, duk kantin littattafai da ka shiga akwai sashen ƙananan littattafan aljihu da suke kira bunko, na Iwanami da Shincho da Kobunsha, kuma Rashawa da Faransawa duk suna nan jere, babu wanda aka bari. Amma idan hira ta yi hira da abokan karatuna, bambancin da na lura shi ne kowa ya san labarin Jean Valjean da Cosette na cikin Les Misérables ko da bai taɓa buɗe littafin ba, ya gani a katun yana yaro ko a wasan waƙa da ake yi a Tokyo tun 1987, Monte Cristo ma an yi masa anime, wato katun ɗin Japan, a 2004. Shi kuwa Dostoevsky ana ɗaukarsa kamar wani dutse da ya kamata saurayi ya hau kafin ya gama jami'a. Da yawa sun saya, da yawa sun tsaya a juzu'i na farko, amma wanda ya gama za ka ji yana faɗa da alfahari. Wani ɗan ajinmu ya ce min sunayen Rashawa ne suka fi wahalar da shi, mutum ɗaya suna uku ko huɗu, shi ya sa ya ji daɗin fassarar Kameyama don ya rage wannan rikicin.

Ummu_Khalil:
Wallahi matsalar sunayen nan ba Japanawa kaɗai ba. A cikin Karamazov, Alexei, Alyosha, Alyoshka, Lyosha, duk mutum ɗaya. Sai da na samu takarda na rubuta su kafin na iya ci gaba.

Malam_Tarihi:
Tambayar DanFagge tana da amsa a tarihi, kuma ina ganin ba a taɓo ta ba tukuna. Faransa a ƙarni na 19 ita ce Turai ɗin kanta, ita ake kwaikwayo. Rasha kuwa ƙasa ce da aka tura cikin zamanancin Turai da ƙarfin sarki tun lokacin Peter Babba, masu iliminta suka rabu biyu, masu cewa a bi Yamma da masu cewa a riƙe gargajiyar Slav. To Japan bayan 1868 halin da ta shiga ke nan. Saurayi ɗan gidan samurai, wato mayaƙan gado na dā, an soke matsayin gidansu, ya yi boko, ya sa kwat, ya koma gida ya kasa zama da iyayensa, ofis kuma bai karɓe shi ba. Idan ya buɗe Balzac zai ga Rastignac saurayi mai buri da ya tsaya a kan tudu yana ƙalubalantar birnin Faris, wannan abin sha'awa ne amma ba shi ba ne. Idan ya buɗe Turgenev ko Goncharov sai ya ga mutum mai ilimi da tunani wanda ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ce ai ni ne wannan. Bunzo na cikin Ukigumo haka yake, an sallame shi daga aikin gwamnati saboda bai iya fadanci ba, ya koma ɗaki yana saƙa da warwara yana kallo wani mai bakin zaƙi na janye yarinyar da yake so.

Hajiya_Littafi:
Malam ka faɗi gaskiya. Ƙari a kai, Shimazaki Toson da littafinsa Hakai na 1906, malamin makaranta ne ɗan burakumin, wato mutanen da ake ƙyama saboda sana'ar kakanninsu, mahaifinsa ya yi masa wasiyya kada ya taɓa faɗin asalinsa, abin ya ci shi a rai har ya tsaya gaban ɗalibansa ya faɗa. Masana da dama sun nuna ginin labarin ya bi sawun Crime and Punishment, wanda Uchida Roan ya fara fassarawa daga Turanci a 1892. Sirrin da ke cin mutum, da iƙirari a bainar jama'a.

Damagaram_Lycee:
Amma Hajiya Toson ɗin nan a wane rukuni ake sa shi? Cikin 'yan naturalizim, masu zana rayuwa yadda take ba ado, kuma wannan hanya ta Zola ce. Kuma da rayuwa ta yi masa zafi a 1913 Faransa ya tafi ya zauna har 1916, bai je Mosko ba.

Bakatsine_Mai_Nazari:
To nan ne abin yake da daɗi. Sun ɗauki sunan daga Zola amma ba su ɗauki aikin Zola ba. Shi Zola littafi 20 ya yi a kan zuri'a ɗaya don ya baje al'umma gaba ɗaya, masu haƙar kwal, 'yan kasuwa, mashaya, sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa. Da abin ya iso Japan sai ya tsuke ya koma mutum ɗaya yana tona asirin kansa. Futon na Tayama Katai a 1907 marubuci ne magidanci da zuciyarsa ta kamu da ɗalibarsa, kuma kowa ya san labarin kansa yake bayarwa. Daga nan aka samu salon nan nasu na labarin-kai da ya mamaye adabinsu shekaru da yawa. Ni a karatuna Balzac da Zola ba su samu magaji na sosai a can ba, Maupassant ne ya fi shiga saboda gajeren labari ya dace da mujallunsu. Nagai Kafu ya fara da Zola ya koma Maupassant, ya yi aikin banki a Lyon, ya dawo ya rubuta labaran Faransa hukuma ta hana fitar da su a 1909.

Sadiya_Poetry:
Ni tambayata daban ce. Kiristoci a Japan ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba ko kusa da haka. Dostoevsky kuwa kusan duk rigimarsa a kan Allah ce, da zunubi da tuba da wahalar yara marasa laifi. Mu da muka taso cikin addini muna karanta hujjojin Ivan Karamazov a kan Allah gabanmu na faɗuwa. Su me suke ji idan sun karanta?

Injiniya_Sendai:
'Yar uwa na taɓa yi wa wani malami dattijo irin wannan tambayar. Ya ce shi abin da ya kama shi rigimar uba da 'ya'ya ce, da tambayar idan babu wanda zai yi hisabi me zai hana mutum aikata komai. Ya ce ƙasar da aka wayi gari a 1945, bayan ta sha kaye a yaƙi, duk abin da aka koya wa yara a makaranta ya rushe, ba ta buƙatar coci kafin ta gane wannan tambayar. A 2013 gidan talabijin na Fuji ya mayar da Karamazov wasan kwaikwayo a Japan ta yau, suka fi ba da ƙarfi a kan kisan uban da binciken 'yan sanda.

Malam_Tarihi:
Akwai kuma shekarun 1930. Gwamnati ta kama 'yan gurguzu da yawa, daga 1933 aka shiga guguwar janye aƙida a kurkuku, suna kiran abin tenko. Mutum ya fito ya saki abin da ya yi imani da shi, yana jin kunyar abokansa da kansa. Sai ga Dostoevsky, marubucin da aka kama a 1849 saboda zama cikin 'yan neman sauyi, aka tsayar da shi gaban masu harbi kafin a ce an sassauta, ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk ya fito da wani tunani daban. Dole su neme shi. A wannan zamanin ne Kobayashi Hideo ya rubuta tarihin rayuwar Dostoevsky, ya fito littafi a 1939.

Damagaram_Lycee:
Madalla da ka kawo Kobayashi! Me ya karanta a jami'ar Tokyo? Adabin Faransa, shi ya fassara Rimbaud. Dazai Osamu sashen Faransanci ya shiga a 1930. Oe Kenzaburo mai Nobel ta 1994 a sashen ya gama, a kan Sartre ya yi kundinsa, malaminsa Watanabe Kazuo shi ne mai fassarar Rabelais. Endo Shusaku Lyon ya tafi a 1950. Ooka Shohei rayuwarsa ya ba Stendhal, ya fassara La Chartreuse de Parme. Mishima yana matashi Radiguet ne abin koyinsa. A kawo min jerin manyan marubutansu da suka fito daga sashen Rashanci da zai kai wannan.

Bakatsine_Mai_Nazari:
Jerin ka gaskiya ne amma duba abin da ya faru da su. Kobayashi ya koyi Faransanci ya ƙare yana rubutu a kan Dostoevsky shekara da shekaru. Dazai a littafinsa na ƙarshe da ya kammala a 1948 sai da ya sa jaruminsa yana juya maganar laifi da hukunci yana tuno Dostoevsky. Oe ma bai ɓoye bashin da Dostoevsky ke binsa ba. Wato a makaranta Faransanci, idan dare ya yi Rashawa.

Damagaram_Lycee:
Ko kuma a ce Faransawa ne suka koya musu yadda za su karanta Rashawan. Gide ya yi littafi guda a kan Dostoevsky a 1923 kuma Gide yana da kasuwa sosai a Japan kafin yaƙi.

Abban_Nana:
Ina bin ku tun ɗazu, ni mai karatu ne kawai ba masani ba, amma raba su gida biyu kamar ƙwallo bai kwanta min ba. Aikin farko da Dostoevsky ya buga a 1844 fassarar Eugénie Grandet ce ta Balzac. Tolstoy ya ce daga Stendhal ya koyi yadda ake rubuta yaƙi, wurin da Fabrice, jarumin La Chartreuse de Parme, ke yawo a filin Waterloo bai ma san ko yaƙin ne yake gani ba. War and Peace da Faransanci ta buɗe. Turgenev aminin Flaubert ne, a Bougival kusa da Faris ya rasu a 1883. Kuma littafin Bafaranshen nan Vogüé na 1886 a kan ƙagaggun labaran Rasha shi ya tallata su a Turai ta Yamma, Japanawan farko kuma da yawa ta fassarar Turanci suka same su. Hanyar ba ɗaya ba ce.

Ummu_Khalil:
Tunda an zo nan, Anna Karenina ko Madame Bovary? Ni Anna. Flaubert na ji kamar yana tsaye nesa yana kallon Emma Bovary tana nitsewa, Tolstoy kuwa ya fara da niyyar hukunta Anna amma kana karantawa ka san tausayinta ya kama shi.

Sadiya_Poetry:
Anti ni kuma Emma ta fi tsaya min a rai, don bashi ne ya kashe ta ba soyayya kaɗai ba, ɗan kasuwan nan da ke kawo mata kaya yana cewa ki biya a hankali. Wannan muna ganinsa a unguwa kullum.

Hajiya_Littafi:
Ku dawo da mu Japan 'yan mata. A can ma akwai mai irin wannan labarin, Aru Onna na Arishima Takeo, 1919, ana yawan haɗa shi da Anna Karenina. Kuma Arishima ne misalin abin da nake so in faɗa game da Tolstoy, don tasirinsa ya wuce takarda. Mutumin nan ya gaji babbar gona a Hokkaido, a 1922 ya sallama ta ga manoman da ke aiki a cikinta. Abokinsa Mushanokoji ɗan gidan sarauta ya kafa ƙauyen zaman tare a Miyazaki a 1918 inda kowa zai yi noma da hannunsa. Tokutomi Roka ya yi tattaki har Yasnaya Polyana, gidan Tolstoy a Rasha, a 1906 don ya ga tsohon. Ana tsakiyar yaƙi a 1904 Tolstoy ya rubuta maƙala yana la'antar yaƙin, jaridar Heimin Shimbun ta su Kotoku Shusui ta fassara ta buga a Tokyo. A 1914 aka yi wasan Resurrection na Tolstoy a dandamali, Matsui Sumako ta fito a Katyusha, waƙar wasan ta zaga ƙasar gaba ɗaya. Wane marubucin Faransa ne ya sa wani ya rabu da gonarsa?

Malam_Tarihi:
Hajiya Rousseau ya sa mutane sun shiga kurkuku saboda neman majalisa, sai dai shi ba a kan ƙagaggen labari suka san shi ba. Kuma Kotoku ɗin da kika ambata almajirin Nakae Chomin ne, ya buga maƙalar Tolstoy sannan ya yi mata raddi cewa gyaran zuciya kaɗai ba zai hana yaƙi ba sai an gyara tattalin arziki.

Kano_Bookworm:
Abin da ya fi burge ni cikin duk hirar nan shi ne aikin Kuroiwa da na Damagaram ya kawo. Har sunaye ya canza, Edmond Dantès jarumin Monte-Cristo ya koma Dan Tomotaro, don mai karatu ya ji kamar ɗan garinsu ne. Ya tuna min da yadda Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Su dai Japanawa ba su tsaya nan ba, bayan wannan suka zo suka yi fassara cikakkiya, kuma kowane zamani sai an sake. Yonekawa Masao shi kaɗai ya fassara ayyukan Dostoevsky kaf. Proust da tsawonsa mutum fiye da ɗaya ya fassara shi daga farko har ƙarshe, ta Yoshikawa Kazuyoshi juzu'i 14 ce ta kammala a 2019. Ina ma a ce muna da ko Crime and Punishment ɗaya da Hausa mai kyau.

Bakatsine_Mai_Nazari:
Amin. Sai dai a sani fassarar Kameyama ɗin da ta yi kasuwa ta sha suka daga wasu masana Rashanci na can, sun fitar da jerin wuraren da suka ce ya kuskure, wasu kuma suka kare shi cewa ya dawo da matasa ga littafin. Ni ina tare da masu cewa sauƙi ba ya halatta kuskure, amma fassarar da ba a iya karantawa ita ma ba ta yi wa marubucin adalci ba.

DanFagge_77:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Maganar Les Misérables da Monte Cristo a wurin talakawa na karɓa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa idan ana maganar wanda ya shiga zuciya, Rashawa ne. Ku duba Kurosawa, ya kai The Idiot cikin dusar ƙanƙarar Hokkaido, ya yi fim na sama da awa huɗu kamfani ya yanke shi zuwa minti 166, fim ɗin bai yi kasuwa ba, amma bai saki Rashawa ba, Ikiru na 1952 akwai inuwar Ivan Ilyich na Tolstoy a ciki, a 1957 ya koma kan Gorky. Wannan ba sha'awar salo ba ce kawai.

Injiniya_Sendai:
Yaya DanFagge sai dai ka tuna 2020. Da korona ta shigo littafin da aka yi wa rububi a nan La Peste ne na Camus, labarin annoba, bugun Shincho ya haura miliyan ɗaya idan aka haɗa tun farkon fitarsa, kantuna suka riƙa ƙarewa. Lokacin tsoro ne kuma Bafaranshe suka nema.

Bakatsine_Mai_Nazari:
Camus da ya ɗauki Demons na Dostoevsky ya mayar wasan dandamali a 1959, ya kuma ba Ivan Karamazov babi a littafinsa na tawaye.

Damagaram_Lycee:
Haka ne, kuma Dostoevsky da ya fara da Balzac. Za mu iya yin wannan har asuba. Ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce Faransawa gwanintar alƙalami kawai suka bayar. Ooka an kai shi yaƙi Filifin, aka kama shi fursuna, da ya dawo ya rubuta yunwa da mutuwar da ya gani da wannan busasshen salon da ya koya a wurin Stendhal, ba kuka ba ihu. A ganina da salon Dostoevsky ya ɗauka da abin bai yi nauyin da ya yi ba.

Sadiya_Poetry:
Malam wane littafin nasa kake nufi, kuma akwai shi da Turanci? Injiniya kai kuma don Allah idan ka sake haɗuwa da dattijon nan ka tambaye shi Chekhov, na ga ba wanda ya ambace shi kuma na ji ana yawan yin wasanninsa a Tokyo.

Damagaram_Lycee:
Nobi, da Turanci Fires on the Plain, akwai shi da Faransanci ma. Ki shirya zuciyarki kafin ki fara, akwai wuraren da ba a karantawa ana cin abinci.

Injiniya_Sendai:
In sha Allah zan tambaye shi ranar Litinin. Chekhov kam suna ji da shi, har Murakami ya kawo dogon yanki daga littafinsa na tsibirin Sakhalin a cikin 1Q84, kuma kudancin tsibirin nan a hannun Japan yake daga 1905 zuwa 1945, don haka wurin ba baƙo ba ne a gare su.